Ranar da Na Zuba Sulusi Biyu a Kan Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da wata Asabar ta ƙarshen damina a Gusau, ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. A ranar ne na tashi takanas daga Tsafe, da rawani da farar riga, domin in gyara wa wata malamar boko lissafinta. Waɗanda suka halarci wurin sun riga sun ba da labarin ta fuskoki da yawa, kowa da gishirin da ya ƙara, saboda haka gara mai abu ya faɗi nasa tun yana da rai.

Sai na fara bayyana ko ni wane ne a lokacin, don mai karatu ya san tsawon itacen da na faɗo daga kansa. Na yi karatun allo a gaban mahaifina, na yi na zaure a gaban malamai da dama, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Fannin da Allah ya buɗa mini shi ne ilmin rabon gado. Idan aka yi rasuwa a Tsafe ko a ƙauyukan da ke kewaye, bayan an share makoki ni ake aiko wa. Manoma su zo da maganar gonaki da rumbuna, makiyaya su zo da maganar shanu da tumaki. In zauna a kan buzu, in runtse ido (haka nake yi idan ina fitar da mas'ala, ɗalibaina kuwa suna ɗaukar hakan alamar zurfi), in ce wance tana da sumuni, wane yana da sudusi, abin da ya saura na 'ya'ya. Na shafe kusan shekara arba'in ina wannan aiki, har na kai ga zaton cewa duk inda aka ambaci rabi ko sulusi a duniya, gonata aka shigo.

To, ina da auta, sunanta Sa'adatu. Yarinya ce mai ƙarancin magana da yawan tambaya, idan mai karatu ya gane yadda waɗannan biyu ke haɗuwa. A shekarar ta gama aji uku a wata sakandaren 'yan mata a Gusau, ta ƙwallafa rai a kan shiga ajin kimiyya, musamman saboda darasin da suke kira Fiziks, wato ilmin da ke binciken motsi da nauyi da haske da wutar lantarki. Sai dai kujerun ajin kaɗan ne, masu so kuwa sun yi yawa, domin tun da Gusau ta zama babban birni ma'aikata suka yi ta kwararowa da iyalansu. Makarantar ta yanke cewa duk mai son ajin sai ta yi dogon hutu tana bitar lissafi. Za a haɗa makin aikin gida da na jarrabawar ƙarshe, waɗanda suka fi su shiga, saura a kai su wani aji.

Wadda ta kawo wannan tsari, kuma take gudanar da shi, ita ce malamar Fiziks ɗin, Malama Rakiya, mutuniyar Bungudu. An gaya mini takan ce wanda ya shiga Fiziks babu lissafi kamar wanda ya tafi gona ne babu fartanya. Da na ji haka na yaba mata, domin mu ma ba mu barin ɗalibi ya kutsa cikin tafsiri bai ƙoshi da nahawu ba. Na ce wannan yarinya ta san tsarin karatu. (Ku lura da kyau: na yaba mata ne daga sama, irin yabon da babba ke yi wa yaro idan ya iya gaisuwa.)

Sa'adatu tana zaune wurin gwaggonta a unguwar Tudun Wada cikin Gusau, ranar Juma'a da yamma ta shigo mota ta zo gida, Lahadi ta koma. Wata Asabar bayan la'asar na shigo gida na tarar da ita a gindin dalbejiya tana aikin da aka ba su, tana karanta tambayar a hankali. Sai kunnena ya tsinci kalmar rabi, ya tsinci sulusi. Na tsaya cak kamar an kira sunana. Na tambaye ta me aka ce, ta ce an ce a tara rabi da sulusi biyu. Na tambayi abin da ta samu, ta ce bakwai bisa shida, wato ɗaya da sudusi.

Na yi murmushin tausayi, na sa aka kawo mini buzu.

A nan dole in yi wa mai karatu ɗan bayani, domin a nan tushen abin yake. A ilmin gado akwai mas'ala sananniya: mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, 'yan'uwan suna da sulusi biyu. Idan aka kasa dukiyar kashi shida, miji yana neman uku, su suna neman huɗu. Uku da huɗu bakwai, dukiya kuwa kashi shida ce, kuma dukiyar mamaci ba ta haihuwa. Sai malamai suka ce a sake kasa ta kashi bakwai maimakon shida, miji ya ɗauki uku, su ɗauki huɗu, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwadon rabonsa, kada a zalunci kowa. Wannan shi ake kira auli. Hukunci ne mai kyau da adalci, har gobe ina kansa. Na warware irinsa sau ba adadi.

Saboda haka na gaya wa Sa'adatu cewa amsarta ba ta yiwuwa a hankalce. Kashi ba ya fin abin da aka ciro shi daga jikinsa. Duk lokacin da na sama ya fi na ƙasa, sai a ɗaga na ƙasa ya daidaita da shi. Amsar ita ce bakwai bisa bakwai, wato ɗaya cif.

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, ba haka Malama ta koya muna ba."

Na ce, "Auta, malamarku ta taɓa raba gado?"

Ta mayar da ido kan littafinta. Na ɗauki hakan a matsayin miƙa wuya. Na sa ta goge duk amsar da ta haura ɗaya a aikin makon, ta gyara ta bisa ƙa'idata, ina zaune ina duba. Mahaifiyarta, wadda ke tankaɗe a ƙofar ɗaki, ta ce in bar yarinya da karatunta, kowane tsuntsu da irin kukan gidansu. Na amsa mata da cewa ilmi ɗaya ne, kuma gaskiya ba ta da boko ba ta da zaure. (Maganar tana da kyau. Matsalarta kawai ita ce wanda ya faɗe ta, da lokacin da ya faɗe ta.) Na maimaita wannan taimako nawa a makon da ya biyo baya ma, da ƙarin himma.

Juma'ar da ta zo bayan haka Sa'adatu ta dawo ba ta ko ci tuwo ba.  Uwarta ce ta same ni a zaure ta gaya mini cewa yarinyar da ke sahun gaba a da, yanzu ta gangaro ƙasan layin da ake yankewa, aikinta duk jan biro, kuma abin da ya rage mata kawai jarrabawar ranar Litinin. Ta ƙara da cewa gobe Asabar makarantar ta gayyaci iyaye su zo su ga abin da 'ya'yansu suka koya, amma ita a ganinta ba lallai ne in je ba.

Da wani mai hankali ne, da ya tsaya ya yi tunani a nan. Ni kuwa raina ne ya ɓaci, wai ina kishin gaskiya. Na ce an zalunci ɗiyata saboda ta rubuta daidai. Na sa aka fito mini da farar shaddata ta zuwa ɗaurin aure.

Da hantsi muka sauka a Gusau, ni da Sa'adatu. A ƙofar makarantar na haɗu da Alhaji Sule na Ruwan Bore, ɗan kawuna, wato taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa barin wata kafa ta tsokana ta wuce shi ba. Shi ma ɗiyarsa tana cikin masu bitar. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko wani attajiri ne ya mutu a makarantar aka kira ni rabo. Na ce masa ya shigo ya ga aiki.

'Yan matan suna zaune a gaba, mu iyaye a kan benci a baya, maza gefe, mata gefe. A kan teburin malama akwai wasu dogayen kwalaben gilashi masu faɗin baki, girmansu ɗaya, da zane-zanen awo a jikinsu, ga kuma bokitin ruwa da aka sa wa bula ya yi shuɗi. Malama Rakiya ta bayyana cewa da su take koyar da kashe-kashen lamba, domin abin da ido ya gani ya fi zama a kai, bular kuwa don na bayan aji su hangi iyakar ruwan.

Ƙaramar mace ce, ba ta fi sa'ar ɗiyata ta uku ba, hijabinta duk garin alli, muryarta ƙasa-ƙasa. Amma na daɗe ban ga mai riƙon aji irinta ba. Ta san kowace yarinya da sunanta da kuma inda take tuntuɓe. Idan yarinya ta yi kuskure a allo ba ta gyara mata, sai ta jefa mata tambaya ɗaya ta ja baya, har yarinyar ta gano da kanta. Kowane lissafi kuma sai ta nuna musu inda zai yi musu amfani a Fiziks: wannan na gudun mota ne, wancan na madubin tabarau ne. Zuciyata ta ce mini, malam, wannan ta san abin da take yi. Na danne zuciyar, na miƙe tsaye.

Na yi sallama, na yi godiya ga hukumar makaranta, sannan na ce akwai wani kuskure da ake koya wa yara game da tara rabi da sulusi biyu. Na ga Sa'adatu ta nutse cikin kujerarta. Malama Rakiya ta risina ta gaishe ni. Da alama nan take ta gane daga inda gyare-gyaren aikin ɗalibarta suka fito, domin ta ce cikin ladabi, ko zan yarda mu tattauna a ofis bayan an tashi, ta fi son ta saurare ni a natse. Ƙofa ce ta buɗe mini, faffaɗa, wadda raƙumi ma zai wuce. Na ƙi. Na ce kuskuren da aka koyar a bainar jama'a, a bainar jama'a ake gyara shi.

Na fita gaban aji na kawo mas'alar miji da 'yan'uwa mata, na bayyana auli tiryan-tiryan. Iyaye suna gyaɗa kai suna cewa haka ne, Malam, domin da yawansu ni na raba musu gadon iyayensu. Ita ma ta saurara da gaske, har ta yi mini tambaya biyu masu ma'ana. Da na kai aya ta fara cewa, Allah gafarta Malam, a gado haka yake babu shakka, sai dai a nan... Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce ba sai an ja magana ba, ga ruwa ga kwalba, su yi mana alƙalanci. A cika ɗaya zuwa rabi, ɗaya zuwa sulusi biyu, a haɗa, kowa ya ga ko za su wuce ɗaya.

Ta cika su kamar yadda na ce. Sannan ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Baba, bari ni in zuba, a kan bokiti."

Ƙofa ta biyu ke nan. Daga bayan aji kuwa sai muryar Alhaji Sule: "Ku bar shi ya zuba da hannunai. Mutumin da ka raba shanun mutane ido rufe, ruwa za ya gagare shi?"

Na ɗauki kwalbar rabi da hannun hagu, na ɗaga ta daidai ƙirjina don na baya su gani. Na ɗauki ta sulusi biyu da dama. Na fuskanci jama'a, na fara zubawa, na fara karanto ƙa'idar da muryar karatu. Kuma, kamar yadda na saba duk lokacin da nake fitar da mas'ala, na runtse ido.

Sanyi na fara ji a wuyan hannu. Daga nan ya bi hannun riga, ya sauka a ƙirji, ya gangara ciki, ya ci gaba da tafiya zuwa inda ba sai na ambata ba. Na ji shi sarai. Amma ina tsakiyar jumla, kuma a tarbiyyarmu ba a yanke ƙa'ida a tsakiya. Saboda haka na ƙarasa cewa kashi ba ya taɓa fin asalinsa, daidai lokacin da ɗigon ƙarshe ke sauka a kan takalmina.

Na buɗe ido. Kwalbar hagu ta cika har baki tana tumbatsa, ta dama babu komai, farar shaddata kuwa ta yi shuɗi tun daga aljihun gaba har ƙasa. Ajin ya yi tsit, har ana jin ruwa na ɗiga a siminti. 'Yan matan sun cusa bakunansu cikin hijabi, kafaɗunsu na rawa. Iyayen da suka ce haka ne, Malam, kowa ya sami wani abin kallo a rufin ɗaki.

Sai Alhaji Sule ya yi gyaran murya, ya ce cikin natsuwa irin ta mai neman fatawa, "Allah gafarta Malam, sudusin ga da yaz zube, rabon wa na cikin magada?"

Dariyar da aka riƙe ta ɓalle gaba ɗaya. Na so ƙasa ta tsage. Amma ba dariyar ce ta fi yi mini ciwo ba. Mutum ɗaya ce ba ta dariya a cikin ɗaliban, ita ce Sa'adatu. Tana kallon teburinta, hawaye na zuba. A nan na gane cewa tun ranar farko ta san amsarta daidai ce. Ta goge ta ne don ni na ce ta goge, ta kai wa malamarta kuskure da hannunta tana sane, ta zubar da makinta don kada ta musa wa ubanta.

Malama Rakiya ba ta ko murmusa ba. Ta ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya, aji ya natsu. Ta miƙo mini tsumma mai tsabta da hannu biyu. Sannan ta juya ga ɗalibanta ta ce kada wadda ta manta abin da Malam ya bayyana, domin daidai ne a muhallinsa, kuma shi ne babin da za su shiga da an koma makaranta: rabo bisa gwargwado, uku ga wannan, huɗu ga wancan, wanda Fiziks ba ya tafiya sai da shi. Ta ce ita kanta sai a jami'a ta fahimce shi sosai, ga shi malaman zaure suna aiki da shi tun kaka da kakanni. Ta roƙe ni in maimaita mas'alar a hankali don ta rubuta a allo. Haka na tsaya ina ɗiga, ina karantarwa, tana rubutawa. Ban taɓa ganin wanda ya tsamo mutum daga rijiya da irin wannan lalama ba, har ya sa shi jin kamar da ma wanka ya shiga yi.

Da ta gama sai ta kira Sa'adatu, ta ce ta gaya wa aji bambancin lissafin nan biyu. Yarinya ta miƙe, ta share ido, ba ta dube ni ba.

"Na Baba abu ɗaya ne ake rabawa, ba ya ƙaruwa. Namu abu biyu ne ake tarawa, suna iya fin mazubi."

Bayan an tashi na bi malamar ofis, ofishin da na ƙi zuwa da farko. Na gaya mata laifin nawa ne, na roƙe ta ta mayar wa yarinya makin da ta rasa. Na yi zaton wadda ta rufa mini asiri haka ba za ta hana ni wannan ba. Ta risina kamar ɗazu, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Maki amana ne, kamar gado. In na ƙara mata, na rage wa wata." Ta ce Sa'adatu ta san lissafi, abin da ya rage mata shi ne ta koyi rubuta abin da ta sani ko wane ne ke tsaye a kanta, kuma ranar Litinin babu mai tsaya mata a kai. Na fito ban sami abin da na roƙa ba, amma girmanta a idona ya ninka. Na ga alƙalai masu gemu da ba su kai ta tsayawa a kan gaskiya ba.

Komawata Tsafe wani babi ne. A cikin mota wata tsohuwa ta yi ta yi mini sannu, tana tambaya ko a marina na faɗa. A gida mahaifiyar Sa'adatu ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce ai bula ba ta ɓata farin kaya, sai dai wannan an ɗan cika hannu. Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Sa'adatu ta zauna a Tudun Wada don ta yi shiri. Ranar Lahadi na yi ta jin ƙaiƙayin in aika mata da wata nasiha game da jarrabawa, na kama bakina. Addu'a kawai na yi, ita ce fannin da ban taɓa jin ta ɓata wa kowa lissafi ba. Da sakamako ya fito, sunanta yana cikin na ƙarshe-ƙarshen waɗanda aka ɗauka. Makin jarrabawarta ne ya cike ramin da na haƙa mata, da ƙyar. Ranar da ta zo gida na kira ta zaure, a gaban ɗalibaina, na ce, "Auta, ki yafe mini." Ta ce ba komai, Baba, ta tashi da sauri don kunya. Ɗaliban suka yi ta mamakin malami na neman gafarar ɗiyarsa. Na ce su rubuta wannan ma a cikin karatun ranar.

Alhaji Sule kuwa, har ya koma ga Allah bai daina aiko mini da tambayar sudusin nan ba, duk sallah.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na saye shi da tsada. Ilmin mutum gaskiya ne a cikin shingensa, idan ya tsallaka sai ya yi sallama ya tambayi masu gida. Ni dai na daɗe ina raba kayan matattu, har na manta cewa rayayyu tarawa suke yi.